Ina Mai Gidan Yake Kwana?

"Kaka, ɗan karkata wayar, kada a ga igiyar shanya," in ji jikanta daga can Turai.

Tsohuwar ba ta karkata ta ba. Tana zaune a saman benen gidansu a unguwar Aziziyya, can ƙasa mai tsarki, tsakanin katifu da tukwane, inda suke ƙaura duk shekara su ba alhazai hayar ɗakunansu. Tun yana ƙarami yake jin kunyar wannan ƙaura, har yau bai faɗa wa dangin wadda zai aura ba.

Ya riƙa zagayawa da wayar yana nuna mata tsohon gidan sarautar da yake so a yi walimarsu a ciki: katangar dutse, doguwar hasumiya, ga ƙanƙara kwance a kan tsaunuka. Ya ce shekararsa ɗari bakwai, yanzu kuma masu biki ake ba haya.

"Masha Allah. To, ya waladi, ɗana, shi mai gidan ina yake kwana idan baƙi sun cika?"

Ya juya ya tambayi mai yi musu jagora.

"Wai akwai wani ɗan ɗaki can sama, ƙarƙashin rufi. Nan yake komawa shi da matarsa."

"Jikan sarakunan?"

"Eh, Kaka."

Ta gyara mayafi, ta ɗaga wayar yadda shanyar za ta fito sosai.

"Miƙa wa mai gidan mu gaisa. Ashe abokin sana'a ne."