Tulun da Ya Buɗe Iyaka

Ministan harkokin wajen maƙwabtanmu yana buɗe kwalin kyautar da na miƙa masa, sai sakatarena ya raɗa mini, "Ranka ya daɗe, mun shiga uku. Tulun nan su suka ba mu shi."

Wata shida ina lallaɓa takwaran nawa a buɗe iyaka, ga shi na mayar masa da kyautarsu. Haka muke yi a ma'aikatarmu, abin da wannan baƙo ya kawo mu naɗe wa wancan. Wannan tulun ma daga ma'aikata na kai shi gida ya daɗe a falona, amma ni ko gindinsa ban duba ba.

Mutumin ya juya tulun, ya ga hatimin ƙasarsu. Sai hawaye.

"Na gidan tarihinmu ne," in ji shi. "Wanda na gada ya bayar da shi bisa kuskure. Shekara ashirin kunya ta hana mu roƙa. Kawo takardar buɗe iyakar in sa hannu."

Aka buɗe iyaka, aka rataya mini lambar yabo. Jaridu suka ce hangen nesa ne.

Har yau in na fara ba jikoki labarin, sai matata Hajiya ta leƙo: "To, gwani, gaya musu wa ta ce ka fitar mata da mummunan tulun nan daga falo."