Tsire a Shafin Farko

Ƙamshin tsire na fara ji da muka shiga ɗakin karatu na Illela. Ina yaro lokacin, riƙe da gefen rigar Baba. Masunci ne daga Kalmalo, a Konni, tsallaken iyaka, yake sayar da kifinsa, kuma ya ji ana cewa an rufe iyaka. So yake ya san abin da jarida ta ce kafin ya ɗauki kaya a banza.

Mai tsaron ɗakin yana zaune, ƙafa a kan tebur, littattafai kulle a kabad bayansa.

"Mi kaka nema?"

"Ranka shi daɗe, jarida. An ce nan na kowa ne."

"Ka iya karatu?"

"A'a. Sai dai ka karanta muna."

Ya dubi Baba daga hula har silifa, ya toshe hanci. "Ba a ɗauke ni aikin karanta ma masunta ba. Ku fita, kuna sa ma littattafai ƙarni."

A lokacin na ga jaridar. A kanta ya baza tsirensa, mai ya jiƙe manyan baƙaƙen shafin farko. Baba ya yi masa godiya, muka fita ba mu san komai ba.

Yanzu da furfura nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi da ƙyar. Duk da haka na gwada karanta jarida, na gani: ko ni, mai bin layi da yatsa, da na karanta wa Baba labarin kafin mutumin nan ya gama tauna lomarsa.