Ranar da Na Iske Baba Yana Binne

Ni dai jakin aji ne tun asali, ba na ɓoye wa kowa. Aji uku na yi a firamare a Illela, kalmomin Turanci biyu suka kore ni: wait da expect. Malam ya ce in bambanta su, na ce ai duk jira ne. Ya zuba mini bulala, na dira ta taga, na rantse ni da boko har abada.

Na iske Baba a gonarmu ta hanyar Gidan Katta yana binne. Ko ɗigon ruwa bai sauka ba, ƙasa kamar toka, shi kuwa yana sara da sungumi, yana jefa gero, yana takewa da diddige. Irin da ya rage mana ke nan. Na kwashe labari na faɗa masa, ina so ya je ya ci wa malam mutunci.

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ni ban san Turanci ba. Amma dubi maƙwabcinmu can kwance gindin gawo, ruwa yaka jira. Ni ko na sa rai shina tahe, shi yas sa nika shibka."

Yau gemuna fari fat, na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ba mai fitar da ni. Amma har Baba ya rasu ban amsa tambayar da ya ƙara yi mini ran nan ba: "To kai da kab baro makaranta, mi kab binne da kaka jira?"