Gwajin Harsashin Maɗugu

Mudathir ya sake harbi. Harsashin ya huda murfin tukunyar da suka jingina a jikin kuka, bayan garin Jibiya, dab da hudar farko. Na uku ma nan ya shiga, ƙararsu ɗaya, babu mai sanyi.

"Ka gani ko, shugaban 'yan sintiri?" in ji Maɗugu, dillalin da ya tsallako da kayan. "Ƙanana ne, amma ba su kuskure."

"Wannan ai murfi ne. Ƙarfe mai kauri fa?"

Maɗugu ya yi dariya, ya zaro waya. "Abokan cinikina na daji sun gwada watan jiya. Dubi hoton da sunka turo mini."

Ƙofar ƙarfe ce shuɗiya, ramukan harsashi sun taru wuri ɗaya. Mudathir ya gane ta nan take. Shi ya shafa mata fentin nan, ana gobe bikin ƙanensa Faruk. Marigayi Faruk ɗin ne ya danne ta da ƙirjinsa ranar da 'yan bindiga suka shigo.

Maɗugu ya washe baki. "Kwali nawa zan ajiye maka?"