Likitan Raguna na Waya

Ka ce kana son ka shiga sana'ar nan ta sayar da ilimi a waya. Madalla, ba zan hana ka ba. Amma gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai shagon buga takardu, don ni har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Mutumin nan gwani ne a kwamfuta, ciniki ne dai ya ja baya. Sai ya lura mutane na son ilimi mai araha, irin wanda za a turo musu a waya su karanta suna kishingiɗe. Ya tsinto magana nan, ya kwaso can, ya haɗa ɗan littafi mai shafi goma sha biyu a kan yadda ake turke rago ya cika ya batse cikin kwana arba'in. Shi kuwa tun da ya yi wayo a birni yake, bai taɓa kwaɓa wa ko akuya dusa ba. Ya laƙaba wa kansa sunan wani likitan dabbobi da babu shi a duniya, ya yanka wa littafin kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. A cikin tsince-tsincensa ya ga an ce masana kan sa ɗan takin zamani, farin nan, a abincin dabba. Bai ga ma'auni ba, bai kuma tambayi kowa ba. Da ya ga littafi ba ya armashi babu ma'auni, sai ya rubuta daga kansa: gwangwanin madara ɗaya a kowane kwanon dusa. Ka ji ƙarfin hali, ɓarawo da sallama.

Littafi ya karɓu kamar me. Wannan ya saya, wancan ya tura wa abokinsa, waya ba ta hutawa. Wasu cikin masu sayen sukan dawo da dogon saƙon murya, amma da ya ji an fara da salati sai ya toshe lambar, ya ce 'yan baƙin ciki ne. Abin da ya samu kaf ya zuba a raguna bakwai, ya kai wa yayarsa a ƙauye ta turke masa su kafin Babbar Sallah. Yayar nan ita ta goye shi yana jariri. Mijinta ya rasu, da kiwo take riƙe da gidanta, tana kuma da nata ragunan guda biyu, su ne abincin shekararta. Bai gaya mata sana'ar littafin da yake yi ba, don ya san za ta yi masa dariya.

Saura mako uku Sallah, da hantsi, aka kira shi aka ce ya zo maza. Yana shiga gidan ya tsaya cak a bakin zaure. Raguna tara ne kwance a turke, ciki ya kumbura tim, kumfa a baki, ƙafafu sun sandare. Ba nasa kaɗai ba, har da nata biyun. Maƙwabta suka ce da safe lafiya lau suke, suna cin dusa suka fara karkarwa, ɗaya bayan ɗaya suna zubewa. Damina ce, maza duk suna gona. Matan gidan suka yi ta gudu suna neman mai yanka, kafin limamin unguwa ya iso da wuƙa ko ɗaya ba ya motsi. Duk sun zama mushe, ko loma ɗaya ba ta halatta. Mutumin ya buɗe baki zai tambayi wace annoba ce wannan, sai ga yayarsa ta zube a gabansa, mace mai furfura, tana kuka.

"Ka yafe mini, ƙanena," in ji ta. "So na yi in fita kunyarka. Littafin wani babban likita na saya ta wayar matar liman, ta karanta mini, na auna daidai yadda ya ce, wallahi ban ƙara ko ƙwaya ba."

Matar liman ta miƙo masa wayar don ya gani da idonsa. Ya karanta layi ɗaya, ƙasa ta juya masa. Maganarsa ce, shi ya buga ta da yatsunsa. Nan take ya tuna saƙonnin nan da ya yi ta toshewa, ya gane abin da ke cikinsu, bai kuma san gida nawa aka yi irin wannan kukan ba.

Yayar ta share hawaye, ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah ya isa tsakanina da likitan nan, duniya da lahira." Gida ya ɗauka da amin. Sannan ta juyo ta kalle shi, tana jiran tasa amin ɗin. Ya kau da kai, ya miƙa wa matar liman wayarta.

To, in za ka sayar wa mutane ilimi, ka tabbata wanda ka sani ne. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.