Mai Gadi Bai Ga Kowa Ba

Fankar babbar kwamfutar asibitin tana kuka kamar za ta tashi sama, amma baƙin allon ya nace cewa lafiya lau.

Injiniyar ta sake buga umarni. Mai Gadi, ɗan shirin da ta rubuta makon jiya don ya riƙa tona asirin duk aikin da ke cinye ƙarfin na'urar, ya jero mata su: wannan kashi biyu cikin ɗari, wancan ɗaya. Duka ko goma ba su kai ba. To, ina sauran casa'in suka shiga?

"Injiniya, katin mara lafiya ɗaya sai ya yi minti biyar bai buɗe ba," in ji manaja daga bakin ƙofa. "Layi har titi. Masu kutse ne?"

"Yallaɓai, kaina ya ɗaure. Ga hayaƙi, ban ga wuta ba."

Ta kashe aiki ɗaya, ta kashe na biyu, fankar ko gezau ba ta yi ba. Ta sa Mai Gadi ya ƙara dubawa, sai kukan ya ƙaru. Nan zarginta ya koma kansa.

Ta buɗe cikin shirin. Ashe ta manta ta ce masa ya huta tsakanin zagaye, sintiri yake ba numfashi. A ƙasa kuma ga layin umarnin da ta ƙara da hannunta don jerin ya yi tsabta: kada ya sa sunan kansa a ciki.

"Kin kama ɓarawon?" in ji manaja.

"Na kama shi, Yallaɓai. Ni na ɗauke shi gadi."