Ƙulli Uku a Gabas, Biyar a Yamma

Tasi'u, Hansatu, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Kwana uku ina jin musunku a kan kwamfutocin shago guda biyu da kuke ajiye ayyukan ɗalibai a ciki, har na sa Hansatu ta warware mini. Ashe wannan Linux da kuke faɗi, mai tafiyar da su, bai san suna ba, lamba ya sani. A ɗaya injin Hansatu ce dubu da ɗaya, a ɗayan kuma kai ne, Tasi'u, shi ya sa aikin da ta kai can sai injin ya ce ba nata ba ne. Abin ya ba ni mamaki. Kai ka ce yanzu-yanzu a mayar da lambar kowa iri ɗaya a injinan biyu, ita kuma tana tsoron a taɓa. Sai na tambaya: in an sauya wa mutum lamba, ayyukan ɗaliban da ya riga ya ajiye su ma sauyawa suke yi? Ta ce a'a, tsohuwar lambar na nan a jikinsu. To, na san wannan tun ba a haife ku ba.

An yi wani marini mai karofi biyu, ɗaya gabas da gari, ɗaya yamma. Ba ya rubuta suna, ƙulli yake yi a bakin zane. Wata mata a gabas ƙulli uku ce, a yamma biyar, kullum ana rikici. Ran nan ya ce ya gaji, daga yau kowa ƙullinsa iri ɗaya ko'ina. Matar ta zama biyar, uku kuma ya ba wani farke. Shawara mai kyau, ban ce ba. Amma alhali zanen da uwarta ta bar mata yana cikin baba tun shekaranjiya, da ƙullinsa uku, ba wanda ya tsamo shi ya kwance. Da ya bushe aka buge shi, aka duba baki, aka sa a kayan farke. Ko da ta zo karɓa, ayari ya kwana biyu a hanyar Agadas. Ba wanda ya yi sata, kowa ƙulli ya bi. Garin neman gira, an rasa ido.

Kai Tasi'u, gyaranka daidai ne, gaggawarka ce ban yarda da ita ba. Ke kuma tsoro ba ya gyara komai. Ku zauna yau ku fid da wanda zai bi aikin ɗaliban nan ɗaya bayan ɗaya ya sauya masa lamba, kafin wani ya taɓa injin.